Kwamfutar da Ta Ƙi Baballe

Yau ma Baballe bai gama gyara zama a gaban kwamfutar ba, farin shafin da ake rubutu a kai ya rikiɗe baƙi wuluk, haruffa suka koma kore shar.

"Kun dai gani," in ji Sada, yana karkata hula. "Tun safe nake kanta, fara tas. Me muka yi maka, Baballe, kake neman kashe kayan jama'a?"

Kwamfuta ɗaya ƙungiyar manoman rani ta saya, sakatare kuwa biyu ne: Sada na ɓangaren Kura, Baballe na Bunkure. Sai aka raba musu ita yadda ake rabon ruwa a gonaki, safe ta Sada, bayan la'asar ta Baballe. Kowa kuma ya san bana kujerar sakataren guda ɗaya za ta koma.

Sada ya sha wahala a kan na'urar nan, bai kuma bar kowa ya manta ba. Shi ya goya ta a babur har Kano wajen mai gyara aka duba ta. Shi ke tsayawa kullum, ido a kan agogo, don kada a ci wa Baballe lokacinsa.

Magana ta bi gonaki. Wani ya tuna tumatirin maƙwabcin Baballe ya ƙone bara. Wata tsohuwa ta hana shi ɗaukar jikanta.

"Wallahi ban taɓa komai ba, Alhaji," Baballe ya faɗa wa shugaba, Alhaji Dattijo.

"Ai ba sai ka taɓa ba," in ji Sada. "Abin a jini yake."

Dattijo ya karɓi makullin ofis. Baballe ya fita ko sallama babu.

Washegari Sada ya sha babbar riga, ya tara manyan ƙungiya su ga yadda aiki ke tafiya in babu mugun hannu. Yana bugawa ana yaba shi, yana ƙara bugawa. Daɗin yabo ya sa da aka dawo daga sallar la'asar ya sake hayewa kujerar.

Shafin ya yi baƙi wuluk.

Dattijo ya ja kujerarsa baya a hankali.

"Malam Sada," ya ce, "Baballe fa yana Bunkure."

Ranar da Sada ya sa mai gyaran nan na Kano ya saita masa launin ya riƙa juyawa da kansa bayan la'asar, murna ta hana shi tambayar yadda ake cirewa.