Ƙafar Hagun Malam Yusha'u

"Shekara talatin ina tuƙi, ƙafar nan tawa ta hagu ba ta taɓa samun hutu ba," in ji Malam Yusha'u, yana dukan gwiwarsa a majalisar gindin dalbejiya ta Unguwar Dosa. "Otomatik? Wallahi ko kunna ta ban iya ba."

Kowa a majalisar ya haddace wannan huɗuba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma a faɗarsa ya taɓa haye tudun Jos da kulocin da ya ɗaure da tazugen wandonsa. Motar da ta yi wannan jarumta shekararta biyu a kafe a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Sai dai tun farkon daminar bana huɗubar ta ƙara tsawo, har da rantsuwar da ba wanda ya nema.

Da kuɗin sallamarsa suka fito, aka shiga zancen sabuwar mota. Matarsa Atika otomatik take so. Da ma tana da tata otomatik ɗin, ruwan toka, shi ya sayar da ita rana ɗaya a daminar nan, wai inji ya fara ƙara.

"Malam, ka duba gwiwarka," ta ce, tana sharar ƙarƙashin gado. "Sujada ma da ƙyar kake yi."

"A gan ni cikin motar ragwaye? Sai dai gawata."

Tsintsiya ta jawo takalmi sau-ciki, ƙafar dama kaɗai, wanda 'yarsu Yasmin ta yi masa tsaraba daga Makka.

"Na gaya miki a masallaci aka sace ɗayan," ya ce da sauri.

"Ɓarawo mai ƙafa ɗaya ke nan."

Bai yi dariya ba. Ta haɗa takalmin da shara ta kai bolar ƙofar gida.

Akwai wani dillalin mota, Sharhabil, da bai fi wata guda da fara zama a majalisar ba. Ba shi da surutu. In Malam Yusha'u na ba da labari, kowa bakinsa yake kallo, shi kuwa ƙafafunsa. Shi ya ce zai kawo motoci biyu a gwada, a wani fili wajen Kawo, ranar Asabar da hantsi.

Hadari ya haɗo daga gabas lokacin da suka isa. Malam Yusha'u ya nufi manuwal da taƙama, ya tattare babbar riga, ya murɗa makulli. Mota ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake. A karo na uku gwiwar ta ba da wani sauti kamar an karya kara.

"Kulocin ya cinye," ya ce, yana share gumi.

"Haka ne, Baba," in ji Sharhabil. "Ga ɗayar can. Ba kowa a nan, ba mai kai labari majalisa."

Abin da Malam Yusha'u ya fi tsoro a duniya ke nan, a gan shi yana jan otomatik. Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Awaki ne kawai. Ya shiga.

Wanda ko kunna ta bai iya ba, sai ga shi ya taka birki kafin ya murɗa makulli. Hannu ya kai giya inda ya dace ba tare da ido ya duba ba. Ƙafar hagun da ba ta taɓa hutu ba ta zame daga takalmi da kanta, ta naɗe a kan kujera, kamar mai zaman cin tuwo.

Sharhabil, da ya shiga ya zauna a gefensa, ya daɗe yana kallon takalmin da aka bari kusa da ƙofa.

"Mu ɗan leƙa Hayin Banki, Baba, ka ji ta a kan titi."

"Hanyar can ba ta da kyau."

"An gyara."

Aka fara yayyafi. Mota na tafiya sumul. Da suka doshi wata kwana mai kwalbati, Malam Yusha'u ya rage gudu tun daga nesa, ya yi baya-baya da gefen titi, alhali ba komai a wurin sai wani baro a kife.

"Tsaya nan," in ji Sharhabil.

Wasu mutane huɗu da ke fake a rumfar kwano suka miƙe tare, suka nufo motar ba gaggawa.

"Baron yayana ne, Ila," in ji Sharhabil. "Rake yake sayarwa. Ranar wata Talata bayan la'asar, ana ruwa, mota ruwan toka ta bi ta kansa. Direban ya buɗe ƙofa, ya leƙo, ya rufe, ya gudu. Daga baya motar ta zo hannun dillalai da sabon fenti a goshi."

"Inna lillahi! Allah ya jiƙansa. Ni dai ka sani, ban taɓa..."

"Na sani, Baba. Ka sha faɗa. Mai manuwal ba ya cire takalmin hagu."

Sharhabil ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin kujerarsa, ya kwance ta a hankali, ya jera sau-ciki biyu a gaban sitiyari.

"Na dama a bolar ƙofar gidanka na tsince shi. Na hagu kuwa a gefen gawar yayana."