Harajin Hayaƙi da Ranar Aure

"Ranar hutu me kake yi?" Alhaji ya tambayi saurayin 'yarsa.

Tun jiya budurwarsa take roƙonsa ya kama bakinsa, don mahaifinta janareto yake lodawa daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, nan ƙetare inda suke zaune, zuwa Kano. Shi kuwa saurayin, ɗan Haɗeja mai aikin sito, ɗan sa-kai ne a wata ƙungiya da ke neman majalisa can gida ta ɗora wa masu fitar da hayaƙi haraji. Ya yi niyyar cewa barci yake yi, bakin ya ƙi.

"Muna fafutukar doka ne, Baba. Duk mai turnuƙe sama da hayaƙi ya biya, ko zafin duniya ya ragu."

Alhaji ya tashi ya rufe ƙofar shagonsa da ke unguwar Al Ras. Saurayin a ransa har ya yi ban kwana da auren.

"Har janareto?"

"Har shi, Baba."

"Alhamdu lillahi!" Alhaji ya rungume shi. "Ai tun bara na bar harkar, ko iyalina ba su sani ba. Kayan sola na jibge, sun ƙi tafiya. Khalas, magana ta ƙare, na ba ka yarinyar! Ranar da dokarku ta fito, washegari a ɗaura."

Saurayin ya durƙusa yana godiya. Shi ya san ko rubuta ƙudurin ba su gama ba.