Na-Garwa Ne Ke Gaishe Ku

Jar fitila ta kama da ƙarfe bakwai da rabi daidai. Souleymane ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Assalamu alaikum mutanen Cocotiers, mutanen Sotega, 'yan kasuwa da masu gadi. Na-Garwa ne ke gaishe ku."

A bayan gilashi, Mushe Ndong mai kula da na'ura ya gyaɗa kai sau ɗaya, sannan ya sunkuyar da idonsa.

Shekarar 1976 ce, kuɗin mai sun cika Libreville. Gidan rediyon yakan buɗe da ƙarfe shida da labarai cikin Faransanci, sai harsunan ƙasa su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Hausa kwatar awa sau uku take samu a wuni: labarai da safe, sanarwa da azahar, gaishe-gaishe da yamma. Shekara biyar ke nan baƙi 'yan arewa suna gyara agogonsu da muryar Na-Garwa.

Souleymane ya karanta labarai. An ƙara haƙo mai a teku. An shimfiɗa wasu kilomitoci na hanyar jirgin ƙasa. Sabon otal ya kai hawa na tara. Takardar tana da 'yan alamomin jan biro a duk inda ake numfasawa, shi kuma yana bin su ɗaya-ɗaya. Bai ji komai a ransa ba. Bakinsa ne kawai ke aiki.

Da fitilar ta mutu sai ya zauna yana kallon tebur. Kujerar ta yi masa tsawo, amma bai sauke ta ba. Akwai kofin shayi na tangaran a gefe da tabarau cikin ɗan akwatinsa. Bai taɓa ko ɗaya ba.

Tsakanin safe da azahar ba shi da abin yi, sai ya koma kan benci a baranda. Lasifikar bango tana ta zuba: shirin manoman koko, wata ungozoma tana bayani kan zazzaɓin yara, wasu malamai biyu suna musu kan makarantu. Aka yi ruwa, aka ɗauke. Ma'aikata suna wucewa, kowa ya zo daidai shi sai ya rage sauri, sannan ya wuce. Wata sakatariya ta ajiye masa burodi da kifin gwangwani. Har azahar suna nan yadda ta bar su.

Shugaban shirye-shirye ya tsaya a kansa, ya ce shi fa na kwana uku ya amince, kuma idan maganar ta kai sama, bai san da ita ba. Souleymane ya ce kwana ukun sun isa.

Ƙarfe ɗaya aka miƙo masa takardun sanarwa. An raɗa suna a Sotega. Jirgin ruwan Douala zai makara. Wani Sabitu yana cigiyar fasfonsa. Sai sanarwar rasuwa guda uku. Ya karanta ta farko, ya yi addu'a. Ya karanta ta biyu. Ta ukun limamin unguwarsu ne ya aiko, bai san da wata yarjejeniya ba. Souleymane ya tsaya yana kallonta har Mushe Ndong ya ɗaga hannu yana juya yatsa. Sai ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya ce sanarwa ta ƙare, Allah ya jiƙan musulmi.

A kasuwa wasu sun kashe rediyonsu tun da safe. Wasu kuwa sun bar shi a kunne, suna ci gaba da auna shinkafa.

Kwatar yamma ce mai wuya, domin ita ba karatu kawai ba ce, sai da raha. Ya buɗe wasiƙu, ya gaida mai shayi a Oloumi, ya tsokani direbobin taksi, ya yi dariya a inda ya kamata. Dariyar ta fita daidai. Da ya rage minti ɗaya, ya rufe shirin yadda aka saba rufe shi tun mako biyu da suka wuce.

"Inna Hadidja a gadon asibiti, ɗanki yana gaishe ki. Aiki ne ya riƙe ni. Ki sha magani."

Mushe Ndong ya cire abin kunnensa ya fita, bai jira an kashe fitila ba.

Souleymane ya ɗauki taksi zuwa asibiti. A bakin ɗaki ya tarar da ƙanwarsa Lailatu, idanunta sun kumbura. Ta ce likita ya sake maimaitawa: zuciyar Inna ba za ta ɗauki wani tashin hankali ba kafin aikin da za a yi mata ranar Alhamis. Ta ce duk masu zuwa dubiya an gargaɗe su tun daga ƙofa.

Inna tana kwance, ƙaramin rediyo a kan matashinta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wato keken ɗinki ya fi uwarsa, tun safe sai yanzu. Ya ce ɗinki ne ya yi yawa.

"Yayanka ko bai zo ba, na ji shi sau uku yau," in ji ta. "Amma muryarsa ta ɗan dishe. Ka ce masa ya sha zuma da lemun tsami."

Souleymane ya gyara mata bargo, ya ce zai gaya masa. Tun suna yara ba ta iya bambanta muryarsa da ta yayansa Aliou Na-Garwa, wanda motar siminti ta take a kan hanyar bakin teku, Souleymane kuma ya sa shi a kabari da hannunsa jiya da la'asar.