Ciwon Mantuwar Toader

Ranar da Toader ya tsaya a tsakiyar gonar inabinsa, almakashi a hannu, yana tambayar gonar wane ne wannan, matarsa Profira ta san abin da take gudu ya iso. Mutumin da ya dasa kowace kuranga a wurin da hannunsa!

Ba hauka ba ne. Kansa ne ya yi nauyi, kamar wanda aka tasa daga barci bai gama wartsakewa ba. Sai ya ɗauko magana ya manta inda za shi da ita. Ciki yana murɗa masa, cokali yana suɓuce masa. Haka mahaifinsa ya fara, kuma duk ƙauyen sun tuna yadda ya ƙare: a bakin rafi aka tsince shi cikin ƙanƙara, da takalmi ƙafa ɗaya. Mutane suka ce ai abin a jininsu yake.

Ɗansu Sandu, da ke aiki a birni, bai tsaya kwana-kwana ba.

"Mama, ba za ki iya ba. In likita ta ce ciwon Kaka ne, na samo masa wuri a gidan tsofaffi."

"Ni ce ba zan iya ba? Kai da na wanke wa kashi? To sai dai ku fitar da gawata tukuna."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi, cikinta kuwa ya ɗuri ruwa. Ta shiga farautar dalili kamar mai neman allura a rairayi. Ta hana shi giyar gida, ta kori maƙwabcinsu Ghitsa mai dafa ta, da tsintsiya ma kuwa. Ta sa aka share bututun murhu, don ta ji an ce hayaƙin da ba a gani yana dusashe kai. Ta kwashi ƙwayoyinsa na hawan jini ta kai wa mai kantin magani ya duba. Limamin coci ya zo ya yi addu'a. Shiru kake ji.

Abinci ma ya ƙi. Abin da kawai ke wuce masa wuya shi ne borsh, ruwan tsamin dusar alkama da kowane gida ke tsimawa. Nata a koren tulu mai ƙyalli take tsima shi, wanda surukarta, mahaifiyar Toader, ta bar mata. Ita ba ta ko lasa saboda gyambon ciki, amma tsofaffi sun ce yana ƙara jini, ga shi kuwa Toader ya yi fari fat.

Da sanyi ya kama, aka kwantar da shi a asibitin gari. Likita Irimiya, wata siririyar mace marar yawan magana, ta bi abin daki-daki. Ta auna sukari, ta duba maƙoƙo, ta nemi ƙarancin sinadaran jiki, ta tambayi yadda yake barci da ko yana cikin baƙin ciki, ta sa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ban da ƙarancin jini, ba a ga komai ba. Ta ce kada ya ci komai sai abincin asibiti har a gano. Profira ta ce to.

Kullum motar farko ke kawo ta, da jakarta a hammata. Ta ja labule, ta aske masa gemu, ta canja masa riga, tana yi masa tsiya.

"Tsoho, ka san ni kuwa, ko sai na nuna maka takardar aure?"

Wata rana ya yi dariya. Wata rana kuma ya zuba mata ido kamar baƙuwa, ta shige banɗaki ta sha kukanta. Sandu kuwa har ya shirya motar da za ta ɗauki mahaifinsa zuwa gidan tsofaffi ranar Juma'a.

Ana cikin haka likita ta lura da wani baƙin layi a dasashin Toader. Ta ɗibi jini ta aika babban birni, da sakamako ya zo ta sake ɗiba. Ranar Alhamis da safe, Profira na fitowa daga bayan labule, likitar ta tare su a baranda, ita da Sandu.

"Inna, ba ciwon tsufa ba ne. Gubar dalma ce, kuma ana jin sauƙinta in aka tare da wuri."

Profira ta zana alamar gicciye a ƙirji, hawaye na zuba. Ba inda za a kai mata miji! Sai kuma ta zabura.

"Ghitsa! Tukunyar giyarsa duk liƙin dalma ce. Na faɗa, ba wanda ya ji!"

"Ni ma ita na fara zargi," in ji likita. "Amma a nan bai sha giya ba, kuma dalmar ƙaruwa ta yi a kan gadonmu. Wani yana shigo masa da ita. Galibi abu ne mai tsami da ake ajiyewa a tsohon tulu mai ƙyalli. Akwai dalma a ƙyallin, tsamin yana cin sa, mutum ya yi ta sha."

Sandu ya daki bango. "Na rantse, duk wanda na kama yana yi wa Baba haka!"

Profira ta dubi jakar da ke hammatarta. Kwalbar borsh da ta cika daga koren tulu da asuba tana ciki, saura rabi. Ɗaya rabin yanzun nan ta tallafi kansa ta ɗura masa, tana cewa, "Daure ka shanye, tsoho, shi zai tashe ka."