Jesi Mai Taɓo

Duk ranar Asabar da yamma, Maman Auta ba ta tsoma jesin ƙwallon ɗanta a ruwa sai ta ɗaga ta sama a tsakar gidan haya kowa ya gani. Taɓo gaba, taɓo baya, har wuya. Takalman ne kawai ba sa ba ta aiki, don Auta ya ce tun a fili yake wanke abinsa.

"Yaron nan zai kashe ni da wanki," take cewa, baki har kunne.

Ita tela ce, Asabar kuwa ranar masu karɓar ɗinki, shi ya sa ba ta taɓa leƙa filin ba. Ba ta ma ga buƙata ba. Jesi ta isa shaida.

A igiya ɗaya maƙwabciyarta ke shanya jesin nata ɗan, wani lukuti da yara ke kira Tulu. Fes take dawowa, ko karin guga bai ɓace ba. Maman Auta takan kalle ta a sheƙe, ta taɓe baki. Wai shi ma ɗan ƙwallo! Ɗumama benci dai, ita ce sana'arsa. Da uwar ta san ciwon kanta, da ta daina ɓarnar sabulu.

Ana nan sai koci ya kira taron iyaye, ya zo da sabon salo: kowane yaro zai riƙa shiga fili, gwani da ɗan koyo, a raba musu lokaci daidai. Ko ba a faɗa ba, Maman Auta ta san wannan aikin uwar Tulu ne. An kasa da ƙafa, an koma roƙo.

Da safen taron Auta ya tsaya a gefen keken ɗinki yana murza zare.

"Mama, ki yarda mana. Ai ba laifi ba ne."

Ta shafa kansa. Tausayin yaron nan ya yi yawa, irin na ubansa, shi ya sa uban bai tsinana komai ba.

A ajin da aka yi taron ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce ƙwallo ba sadaka ba ce. Wanda Allah bai ba ƙafa ba ya je ya nemi abin da ya iya, kada a cire 'ya'yan mutane a jibge buhuna a fili su zubar wa ƙungiya mutunci. Tana magana idonta ƙur a kan uwar Tulu. Ita kuwa ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta dubi ƙasa, ta fasa.

Koci ya daɗe yana kallonta. "Maman Auta, kin tabbata?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Iyayen gwanaye suka mara mata baya, sauran kunya ta rufe musu baki. Magana ta mutu a nan.

Asabar da ta biyo baya wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya. Ta rufe shago, ta saka takalmin fita, ta nufi fili don ta ga gwaninta da idonta, ta kuma ga Tulu a kan bencinsa. Ta makara. Tana shiga ana busa usur na tashi, yaran da suka buga suna ta haki, gumi na ɗiga daga haɓa. Ta duba, ta sake dubawa, babu Auta. Da ta tambayi koci, sai ya nuna mata bayan katanga, wajen famfon da ke yoyo.

Tana shan kwana ta ji muryar Tulu: "Tsaya mana, saura kaɗan. Ka san mamarka tana dubawa."

Auta na durƙushe a bakin famfo, babu ɗigon gumi a goshinsa, takalmansa rataye a wuya kamar yau aka sayo su, Tulu kuwa ya ciko hannu biyu da taɓo yana shafe masa bayan jesi, inda hannunsa ba ya kaiwa.