Idon Ƙanina

"Yaya, asarar kuɗi ce," in ji ƙanina, da mai shago ya miƙo mini madubin hangen nesa mai auna tazara. "Idona ya ishe ka."

Shekara goma muna farauta, shi ke faɗa mini nisa in harba. Kullum harsashina sai ya ci ƙasa, nasa ya kayar da barewar, ya ce, "Idona ne ya yi kuskure, Yaya."

Mai shago ya nuna wa ƙanina wani tankin ruwa. "Gwani, mita nawa?"

"Ɗari da arba'in da uku."

Na ɗora madubin. Daidai. Sau uku ana gwada shi, ko taku ɗaya bai kauce ba. Har yana bugun ƙirji.

Na tuna harsasaina na shekara goma da suka ci ƙasa.

"Ashe idonka lafiya lau yake," na ce.