Maganin Tsawa

Ana yin tsawa kofi ya suɓuce wa Inna. Haka take tun ambaliyar da ta cinye tsohon gidansu.

'Yarta likita ta miƙo mata ƙwaya. "Inna, akwai lungun da ke ajiye tsoro a ƙwaƙwalwa. Birkin naki ne ya saki. Wannan zai kwantar da shi."

"To bokanyar Turai, muryar da ke ciki fa?"

"Wace murya?"

"Dariyar marigayi babanku ta ɓace mini, har tafiyarsa. Amma da sama ta yi ƙara sai in ji shi sarai, ruwa iya wuyansa, yana cewa, 'Riƙe ni da kyau, matsoraciya.'"

Ta mayar mata da ƙwayar, ta matsa kusa da taga.